Hard Again: Faifan da Ya Mayar wa Muddy Waters Muryarsa

Kafin a taɓa ganga, muryar dattijon ake fara ji ita kaɗai. Ya ja wani dogon nishi, jita ta amsa masa da irin nishin, ya sake, ta sake. Can sai dukkan makaɗan suka faɗo lokaci guda kamar an saki tabarya a turmi, wani daga bayan ɗaki ya kurma ihu. Haka "Mannish Boy" take buɗe faifan Hard Again, wanda kamfanin Blue Sky ya fitar a watan Janairun 1977. Wanda ya saurari minti ɗayan nan ya riga ya san ko faifan nasa ne ko ba nasa ba.

Mawaƙin, McKinley Morganfield, wanda duniya ta sani da Muddy Waters, ya haura shekara sittin a lokacin. Shi yakan ce a 1915 aka haife shi, takardu kuma sun fi nuna 1913. A gonar auduga ta Stovall, kusa da garin Clarksdale a jihar Misisifi, ya tashi, kuma a can Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya fara naɗar muryarsa a 1941. A 1943 ya koma Shikago, ya ɗauki jitar lantarki domin hayaniyar gidajen rawa tana danne ta katako. Daga 1948 zuwa ƙarshen shekarun 1950 ya yi waƙoƙin da suka zama ginshiƙin bulus ɗin Shikago (bulus wani salon kiɗa ne na baƙaƙen fatan Amurka), a kamfanin 'yan'uwan nan Leonard da Phil Chess. Daga sunan wata waƙarsa ta 1950 ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ta ɗauki nata sunan.

Abin da ya biyo baya shi ya sa Hard Again ya zama abin magana. Da matasan baƙaƙen fata suka koma wa sabbin kiɗe-kiɗe, sai Chess ya shiga neman yadda zai sayar da tsohon hannu ga sabuwar kasuwa. A 1966 aka lafta masa kayan busa. A 1968 aka yi Electric Mud, inda aka lulluɓe muryarsa da kukan jita irin na samarin zamanin, faifan da shi kansa ya kushe daga baya. A ƙarshen 1971 aka kai shi Landan ya yi da taurarin Ingila. Kowane yunƙuri ƙari ne: a ƙara kaya, a ƙara baƙi, a ƙara ado. A 1969 Leonard Chess ya rasu, a shekarar kuma Muddy ya yi mummunan haɗarin mota da ya kwantar da shi watanni. Kafin ƙarshen 1975 an sayar da abin da ya rage na kamfanin, dattijon ya tashi ba shi da gida.

Wanda ya ɗauko shi Johnny Winter ne, makaɗin jita ɗan Teksas, zabiya, haifaffen 1944, wato sa'an 'ya'yan Muddy. Dabararsa ragi ce. A watan Oktoban 1976 ya tara mutum bakwai a situdiyon Dan Hartman da ke Westport a jihar Konetikat, ya sa su a ɗaki ɗaya suna kallon juna, cikin 'yan kwanaki aka gama. Daga ƙungiyar Muddy ta yawo aka ɗauko Pinetop Perkins a fiyano, Willie "Big Eyes" Smith a ganguna, Bob Margolin a jita. James Cotton, wanda ya shafe shekaru a bayan Muddy kafin ya kafa tasa ƙungiyar a 1966, ya dawo da harmonikarsa, ya zo da mai kaɗa masa bes, Charles Calmese. Winter ya riƙe ɗaya jitar. A bangon faifan ma an rubuta cewa shi ne mai ihun da ake ji nan da can.

Sai an fahimci abin da ɗaki ɗaya yake nufi a aikin naɗar sauti kafin a gane ɗanɗanon faifan. A shekarun 1970 yayin da ake yi shi ne a raba makaɗa: mai ganga a killace, kowace amfilifaya a bayan shinge, mawaƙi ya zo daga baya ya ɗora murya. Amfanin haka shi ne kowane sauti yana kan layinsa, in mai jita ya yi kuskure a goge nasa kawai. A ɗaki ɗaya kuwa ganga tana shiga makirfon fiyano, harmonika tana shiga makirfon murya, ba a iya zare ɗaya a bar sauran. Kuskuren mutum ɗaya na kowa ne: ko a sake waƙar daga farko, ko a bar ta da tabonta. Winter ya zaɓi haka da gangan, ya kuma bar sautin ɗakin kansa ya yi yawa a cikin haɗin. Shi ya sa gangar Smith take da faɗi kamar ana dukanta a zaure, kuma shi ya sa ake jin dariya da tafi da 'yan maganganu a ƙarshen waƙoƙi. Farashin da aka biya shi ma a fili yake. Inda kiɗa ya yi zafi, fiyanon Pinetop yakan nutse, jitoci biyu su cakuɗe da harmonika har kunne ya kasa rabe su. Mai son sauti tas-tas irin na situdiyon yau zai ce faifan yana da ƙura. Yana da ita. Ita aka je nema.

"Mannish Boy" tsohuwar waƙarsa ce ta 1955, martani ga wata waƙar Bo Diddley, kuma wannan naɗin na minti biyar da ɗoriya ya fi na asali nauyi. Gininta ba wuya: kod ɗaya tak, wato haɗin sautukan da ake bugawa tare, daga farko har ƙarshe, da jimlar kiɗa mai sauti biyar da ake maimaitawa. Makaɗa su buga jimlar, su tsaya cak, mawaƙi ya jefa magana a cikin shirun, su sake bugawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji ɗan wasa yana kirari, makaɗi yana tsayar da kalangu yana ba shi fili, zai gane tsarin nan take. Kirari ne kuwa: namiji yana faɗin ƙarfinsa. Sai dai akwai abin da ke ƙasan kirarin. A Kudancin Amurka inda ya tashi, farar fata yakan kira baƙar fata "yaro" ko da furfura ta cika masa kai, saboda haka dattijon da ya tsaya yana harrafta kalmar "namiji" baƙi bayan baƙi ba da mata kaɗai yake magana ba. Wahalar waƙa irin wannan ita ce rashin wurin ɓuya. Tunda kod ba ya canjawa, in shirun ya yi gajarta da ƙiris waƙar ta zama gudu, in ya yi tsawo ta mutu. Smith yana jan dukansa baya kaɗan, Muddy kuma yana jan muryarsa bayan na Smith, sai kowace jimla ta sauka a makare da gangan. Wannan jinkirin shi ne abin da masu kwaikwayonsa suka fi kasawa. Sukan shigo a kan bugu daidai, sai abin ya fito kamar faretin 'yan makaranta.

Muryar kanta ta canja daga ta 1955. Ta yi ƙasa, ta yi kauri, saman ta ya ɗan dushe. Ba ya riƙe sauti ya daɗe kamar da. Abin da ya samu a madadi shi ne iko da ƙananan abubuwa: yadda yake lanƙwasa sauti ya tsaya tsakanin maɓallai biyu na fiyano, inda babu maɓalli, yadda yake fara jimla da ruri ya ƙare ta da raɗa, yadda yake cinye ƙarshen kalma ya bar harmonika ta ƙarasa. Irin wannan murya ado yana cutar da ita. Fili take so, da abokin amshi.

Abokin amshin shi ne Cotton, kuma a ganina shi ne mutum na biyu a faifan, ba Winter ba. Harmonikar bulus 'yar ƙarama ce, rami goma, harsuna ashirin na ƙarfe, ana hurawa ana zuƙa. Masu bulus yawanci ba sa busa ta a maɓallin da aka rubuta a jikinta. In waƙa tana kan E sai a ɗauki harmonika ta A, in tana kan A a ɗauki ta D. Dalili shi ne hakan yana mayar da muhimman sautuka kan zuƙa, kuma a zuƙa ne, musamman a rami na biyu da na uku da na huɗu, ake iya matse maƙogwaro a lanƙwasa sauti ƙasa. Sannan a haɗa harmonikar da ƙaramin makirfo a dunƙule cikin tafin hannu biyu, a tura ta amfilifaya mai kwan fitila har sautin ya fara tsagewa. In dunƙulen yana yoyon iska sautin ya fito siriri kamar usur, in an ƙure amfilifaya sai ta ɗauki kuka. Cotton yana tafiya a bakin wannan ramin ba ya faɗawa. Saurari "Crosseyed Cat", inda shi ne yake riƙe da jimlar da waƙar ta hau, da "Jealous Hearted Man", inda yake cika kowane gurbi da mawaƙin ya bari ba tare da ya taka masa ƙafa ba.

Yawancin sauran waƙoƙin suna kan zagayen da aka san bulus da shi, mai gaɓa 12: gaɓa huɗu a kod na ɗaya, biyu a na huɗu, biyu a koma gida, ɗaya a na biyar, ɗaya a na huɗu, biyu a gida, sai a juyo. Mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, ya kawo na uku da zai warware. Rabin kowane layi nasa ne, rabi na masu amshi. Wanda ya ƙirga wannan da yatsa a "Bus Driver" sau biyu ko uku zai daina jin waƙar a matsayin dogon surutu, ya fara jin inda kowa yake jiran kowa. Ita "Bus Driver", labarin wanda direban bas ya ƙwace wa mace, ta kusa minti takwas, kuma a nan ne ƙorafina na farko yake. Winter gwani ne, amma gwanin da hannunsa ba ya son zama. Inda tsofaffin makaɗan Shikago za su buga sauti uku su yi shiru, shi yakan buga goma sha biyu. A kunnen wanda ya zo daga kiɗan rok wannan ne daɗin. A kunnen wanda ya saba da naɗe-naɗen Chess, wani lokaci kamar baƙo ne da ya fi mai gida magana.

Inda ya wanke kansa sarai shi ne "I Can't Be Satisfied". Da ita Muddy ya fara yin suna a 1948, shi da jitarsa da mai bes kawai. A nan an kashe wutar amfilifaya, Winter ya ɗauki jitar National mai jikin ƙarfe, irin wadda aka ƙera tun shekarun 1920 da faranti mai siffar mazurari a cikinta domin ta yi ƙara ba da lantarki ba. Ana kaɗa ta da bututu a yatsa: ba a danne tsirkiya a kan wuyan jita, ana zame bututun ne a kanta, sai sauti ya tafi daga wuri zuwa wuri babu tsalle, kamar yadda yatsan mai goge yake yi. Ana kuma sauya ɗaurin tsirkiyoyin yadda in an kaɗa su a sake za su ba da cikakken kod. Abu biyu ke ɓata irin wannan kiɗa. In an danna bututu da ƙarfi ya taɓa ƙarafan wuya, sai ƙwas-ƙwas. In ba a kwantar da wani yatsa a bayan bututun ya kashe ragowar tsirkiya ba, sai wani amo na daban ya biyo baya. Babu ko ɗaya a nan. Minti uku da rabi ne, mai sauƙi, mai fara'a, kuma ita ce waƙar da zan fara kunna wa wanda ya ce bulus kuka ne kawai.

"I Want to Be Loved", rubutun Willie Dixon, ba ta kai minti biyu da rabi ba, ta shigo ta fita. "The Blues Had a Baby and They Named It Rock and Roll", wadda Muddy ya haɗa da Brownie McGhee, tana cewa bulus ne ya haifi rok, tana lissafo sunayen mawaƙa a matsayin shaidu. Tana da daɗin rawa, amma maganar ta fi waƙar ƙarfi.

"Deep Down in Florida" ita ce ta fi sauran sababbin. A hankali take tafiya kamar mai ɗauke da tulu, kuma jinkirin yana ba Pinetop damar fitowa. Shi ma haifaffen 1913 ne, ya gaji kujerar Otis Spann a ƙungiyar. Hannunsa na hagu yana tafiya tare da bes, na dama yana yayyafa gajerun sautuka a saman muryar. Duk wanda ke koyon raka mawaƙi da fiyano ya zauna da wannan waƙar, ya lura da yawan wuraren da Pinetop bai taɓa komai ba. Ta ƙarshe, "Little Girl", ta wuce minti bakwai, kuma a nan faifan ya fara maimaita kansa. Saurinta da yanayinta sun yi kusa da abin da aka riga aka ji. Da an datse minti biyu babu wanda zai yi kewa.

Akwai wani gibi da ya kamata mai saye ya sani. Muddy Waters yana cikin manyan masu kaɗa jita da bututu, amma jitar da ta cika wannan faifan ta Winter ce da Margolin. Wanda yake neman kukan Telecaster ɗin dattijon, wato jitarsa ta lantarki, wannan siririn sauti mai tsinin allura, ya nemi Muddy "Mississippi" Waters Live na 1979. Hard Again faifan murya ne.

Game da sunan kuwa, daga bakin Muddy ya fito, da ya ji naɗin ya ce kiɗan ya dawo masa da ƙuruciya. Ya faɗe shi ne da kalmar da ba a faɗa a gaban surukai. Hoton bango, baƙi da fari, dattijo cikin hula yana murmushi, aikin Richard Avedon ne.

Waƙoƙi tara ne a faifan asali, kusan minti 45, biyar a fuska ta farko, huɗu a ta biyu. Bugun CD na 2004 ya ƙara "Walking Through the Park", wadda aka naɗa a zaman amma ba ta shiga ba. Tana da kyau, tana kuma kawo saurin da fuska ta biyu take buƙata, don haka in za a zaɓa a zaɓi bugun da ke da ita.

Yadda aka saurare shi yana canja hukunci sosai, fiye da yawancin faifai. Tsirkiyar ƙasa ta jitar bes tana kaɗawa wajen sau 41 a sakan, lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da ko kusa da haka. A waya Calmese yakan ɓace gaba ɗaya, babbar gangar Smith ta koma ƙyas-ƙyas, abin da zai rage shi ne harmonika da jita suna faɗa a sama, sai mutum ya ce faifan hayaniya ne. Ko da abin kunne mai arha ne, in yana toshe kunne, zai dawo da ƙasan. Lasifika biyu a ɗaki sun fi, domin sautin ɗaki aka naɗa, a ɗaki yake buɗewa. Kada a ƙara bes a na'ura, haɗin ya riga ya yi kauri a tsakiya, ƙari zai mayar da shi kunu. In ana so a taɓa wani abu, a ɗan rage saman in harmonika tana soka kunne. A manhajojin sauraro a zaɓi inganci mafi girma. Minti 45 a kan kilobit 320 yana cin wajen megabait 108, a kan 128 wajen 43, kuma bambancin yana fitowa ne a faifan ƙarfen ganga da amon ɗaki, waɗanda matsewa take fara cinyewa. A sauke shi sau ɗaya ya fi a yi ta ƙona data. Sannan a ɗaga sauti. A ƙasa-ƙasa faifan ba ya aiki.

Mai neman tsohon faifan garmaho ya duba abu uku. Ya ɗora shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri ya ga ko ya lanƙwashe, domin zafi yana lanƙwasa shi, awa ɗaya a motar da ke rana ta isa. Ya karkata shi a haske ya duba zane, wanda farce ya ji shi allura ma za ta ji. Ya kuma nemi a kunna masa waƙar ƙarshe ta kowace fuska, domin kusa da tsakiya ne tsohuwar allura take fara cinye layi, kuma a nan "I Can't Be Satisfied" take, waƙar da ba ta da hayaniyar da za ta rufe tsatsa. A ajiye shi a tsaye cikin rigarsa, a goge ƙura kafin kowane kunnawa, balle da hunturu.

Faifan ya ci kyautar Grammy a 1978, a rukunin kiɗan gargajiya, domin a lokacin ba a ware wa bulus nasa rukunin ba. Winter ya ƙara yi masa uku: I'm Ready a 1978, wanda ya dawo da tsofaffin abokan aikinsa Jimmy Rogers da Big Walter Horton, sai na dandali a 1979, su biyun ma sun ci kyautar, sai King Bee a 1981, wanda aka yi ƙungiya tana watsewa kan kuɗi, kuma ana jin gajiyar a cikinsa. Muddy ya rasu ranar 30 ga Afrilun 1983 a gidansa da ke Westmont, kusa da Shikago. A cikin huɗun, I'm Ready ya fi natsuwa, kuma akwai masana bulus da suke fifita shi saboda jitar Rogers ta san inda za ta yi shiru. Hard Again ya fi shi wuta. Sabon shiga ya fara da Hard Again, ya bi da tarin waƙoƙin Chess na 1948 zuwa 1958, ya kunna "Mannish Boy" ta 1955 da ta 1977 a jere, ya ji abin da shekara ashirin da biyu suka ɗauke wa muryar da abin da suka bar mata.